Tarihin Mashahurai: Hanri Kasini, Alƙalin da Ya Tsara Dangin Shuwaka

A wannan fitowa, filinmu na Tarihin Mashahurai zai kai mu ƙasar Faransa, mu kawo muku rayuwar wani alƙali da ya rasu tun 1832, amma har gobe masana tsirrai ba su gama da aikinsa ba. Sunansa Hanri Kasini. A littattafai ana rubuta sunan Cassini, kuma duk inda kuka ga an rubuta Cass. a bayan sunan kimiyya na wani tsiro, to shi ake nufi, wato shi ne ya raɗa sunan.

An haife shi a birnin Paris ranar 9 ga Mayu, 1781, a cikin ginin cibiyar nazarin taurari ta birnin. A nan gidansu yake. Kakan kakansa, Jobanni Kasini, mutumin Italiya ne da Sarki Luwis na 14 ya gayyato Faransa a 1669. Shi ne ya gano watanni huɗu daga cikin masu kewaya duniyar Zuhalu, wadda Turawa ke kira Saturn, kuma shi ya fara ganin tsagar da ke tsakanin zobbanta a 1675. Kumbon Cassini da aka harba a 1997, wanda ya isa Zuhalu a 2004, sunan wannan tsohon aka sa masa. Bayansa ɗansa ya gaji shugabancin cibiyar, sannan jikansa, sannan tattaɓa-kunnensa, wanda shi ne mahaifin Hanri. Mutum huɗu ke nan a jere, shekara fiye da 120. Wannan gidan ne kuma ya auna Faransa kakaf ya zana taswirarta a kan fallaye kimanin 180. Yaron da aka haifa a irin wannan gida, ba sai an tambaye shi abin da zai zama ba.

Sai dai zamani ya juya. Juyin juya halin Faransa ya ɓarke a 1789, aka kashe sarki a farkon 1793. Mahaifin Hanri mai goyon bayan sarauta ne, ya kasa jituwa da sababbin mahukunta, ya ajiye aiki a wannan shekarar. A 1794 aka kama shi aka tsare na wasu watanni, a lokacin da ake sare kawunan masu sarauta kusan kullum. Allah ya yi da sauran kwanansa, aka sake shi, ya tattara iyalinsa ya koma gidan gonarsu da ke ƙauyen Turi, arewa da Paris. Hanri yana ɗan shekara 13. A wannan ƙauyen ya soma mai da hankali ga ciyayi da furannin da ke kewaye da gida, kuma wasiƙun da marubuci Ruso ya yi a kan nazarin tsirrai suka ƙara masa sha'awa. Ya ɗan taɓa ilimin taurari kamar yadda gado ya nema, amma zuciyarsa ba ta zauna a can ba. Ya karanci shari'a, ya shiga aikin alƙalanci a farkon shekarun 1810, ya yi ta hawa har kotun ɗaukaka ƙara ta Paris, daga baya kuma babbar kotun ƙasa. A 1812 ya auri Agat de Riyankur. Nazarin tsirrai bai taɓa zama aikin da ake biyansa albashi a kai ba. A lokacin da ya rage masa bayan kotu yake yin sa.

Kafin mu ce ga abin da ya yi, bari mu gabatar da dangin da ya ba rayuwarsa. Masana suna kiransa Asteraceae ko Compositae, mu kuwa a nan za mu kira shi dangin shuwaka, tunda ita muka fi sani. A cikinsa akwai latas da muke ci da ƙuli, da tazargade, da kashin yawo mai maƙalewa a wando idan an ratsa fili, da babban furen nan mai ruwan ɗorawa da ake matse mai daga 'ya'yansa, wanda ake kira furen rana. Yana cikin dangi biyu mafi girma a tsirrai masu fure, da nau'i fiye da 23,000, kuma ana samunsa a kowace nahiya in ban da Antatika. Abin da ya haɗa su shi ne wata dabara. Abin da ido ke gani kamar fure ɗaya, taron ƙananan furanni ne, wani lokaci biyar, wani lokaci ɗaruruwa, a zaune kan faifai ɗaya. Duk wanda ya tsinko kan furen shuwaka da hunturu ya warware shi da allura, zai ga haka da idonsa. A cikin kowane ƙaramin fure, jakunkunan garin namiji sun manne da juna sun yi kamar bututu, sai wani siririn tsinke na ɓangaren mace ya taso ta cikin bututun yana turo garin waje, kamar yadda ake tura tsumma a cikin kwalbar fitila. Idan ya fito sai kansa ya rabu biyu.

Malaminmu na bayoloji ya koya mana matakan tsara halittu. Nau'i shi ne na ƙasa. Nau'o'i masu kusanci su taru su zama jinsi, wanda littafi ke kira jinus, shi ne kalmar farko a sunan kimiyya. Jinsuna su taru su zama dangi. To idan dangi ya yi girma irin wannan, dole a sa wani mataki tsakanin jinsi da dangi, shi ne ƙabila. Magabatan Kasini sun gwada. Turnafo a 1694 ya raba su gida uku bisa siffar furen a ido. Liniyas a 1753 ya raba su bisa wane ƙaramin fure ne namiji, wane ne mace, wane ne ya haɗa duka. Jusiyo a 1789 shi ma ya yi uku, amma kashinsa na uku ya zama kamar ɗakin shirgi, duk abin da bai shiga biyun farko ba sai a jefa shi ciki. Kuma jiragen ruwa suna ta kawo sababbin tsirrai daga Afirka da Amurka da Ostareliya, shirgi yana ƙaruwa.

Kasini ya ɗauki madubin ƙara girma ya duƙufa a kan wannan siririn tsinken mace da wasu ba su kula da shi sosai ba. Ya riƙa zuwa babban lambun tsirrai na Paris, yana kuma duba busassun samfura a ma'ajiyar Jusiyo da ta Defonten, yana jiƙa fure ɗaya bayan ɗaya yana buɗewa. Sai ya ga tsinken nan ba iri ɗaya ba ne. A wasu tsirrai rassansa biyu dogaye ne masu tsini, da gashi a bayansu tun daga ƙasan inda suka rabu, irin na shuwaka ke nan. A wasu kuma rassan guntaye ne kamar an datse su da almakashi, da ɗan tukkun gashi a baki. A wasu akwai zoben gashi a ƙasan rabuwar. Abin da ya fi muhimmanci, tsirran da tsinkensu ya zo ɗaya sukan zo ɗaya a wasu abubuwan ma, ko da a ido ba su yi kama ba. A watan Afrilu na 1812 ya karanta maƙalarsa ta farko a kan wannan a gaban majalisar masana kimiyya ta Faransa. Bai tsaya nan ba. Ya bi jakunkunan gari, ya ga wasu suna da wutsiya a ƙasa wasu babu. Ya bi siffar furen kansa da jijiyoyinsa, sannan 'ya'yan da gashin da ke kansu wanda iska ke ɗauka. Kowane sashe da tasa maƙalar, shekara bayan shekara.

A nan muke ganin halin alƙali a aikin nasa. Bai yarda ya yanke hukunci da shaida ɗaya ba. Ya yi imani cewa ba za a iya gane ƙabila da alama guda ba, sai an tara alamomi da yawa sun gaskata juna, kuma ko bayan haka za a sami 'yan tsirran da suka saɓa. Da haka ya fitar da ƙabilu kusan ashirin zuwa 1819, ya kuma raɗa musu sunaye. Vernonieae ita ce ƙabilar shuwaka, Anthemideae ta tazargade, Heliantheae ta furen rana, Astereae, Senecioneae, Inuleae da sauransu. Waɗannan sunaye duk suna nan a littattafan yau da Cass. a bayansu.

Wani abu da ya burge mu shi ne zanen da ya yi na dangantakar ƙabilun. Ya ga cewa jera su a layi ɗaya ba zai nuna gaskiya ba, domin ƙabila ɗaya tana iya kama da biyu ko uku a lokaci guda. Sai ya jera su a da'ira, ya ja layuka a tsakiya tsakanin masu kama da juna. A jerinsa ƙabilar latas ce ta farko, ta shuwaka ta ƙarshe, don haka da aka naɗe layin ya zama zobe sai suka zauna kafaɗa da kafaɗa. Wa zai kalli latas a kan tire ya kalli bishiyar shuwaka a bayan gida ya ce 'yan uwa ne na kusa? Tsinken macen ne ya gaya masa.

Ban da ƙabilu, ya raɗa sunan jinsuna ɗaruruwa. Biyu daga ciki, Agathaea da Riencourtia, sunan matarsa ya sa musu. Guizotia, tsiron da mutanen Habasha ke nomawa don mai, ya sa mata sunan masanin tarihi Gizo, wanda daga baya ya zama babban minista a Faransa. Shi ma an rama masa, domin masanin Birtaniya Robat Burawun ya sa wa wasu tsirran Ostareliya suna Cassinia, duk da cewa su biyun sun taɓa jayayya a kan wanda ya riga wani gano tsarin jijiyoyin fure.

To me ya sa mutum mai irin wannan aiki bai yi suna kamar Liniyas ba? Wani ɓangare na laifin nasa ne. Maimakon ya tattara aikinsa a littafi ɗaya, sai ya zuba mafi yawansa a cikin wani ƙaton ƙamus na kimiyyar halittu mai juzu'i 60, wanda ya riƙa fitowa daga 1816 zuwa 1830 bisa jerin baƙaƙe. Idan ya gano sabon jinsi mai farawa da A alhali ƙamus ya riga ya kai M, sai ya cusa bayanin a ƙarƙashin wata kalma ta M da ba ruwanta da shi. Mai nema sai ya wahala. Ya kuma ƙirƙiro kalmominsa na kansa ga sassan fure, ya ƙi amfani da na kowa, har masu karatu suka riƙa gajiya. Ga shi da kaifin alƙalami idan yana gyara wa wasu kuskure. Ya tara wasu maƙalunsa a littafi mai juzu'i biyu a 1826, amma babban littafin da zai haɗa komai bai taɓa fitowa ba. Sai a 1975 wasu masana biyu a Amurka suka bi ƙamus ɗin suka tsinto rubuce-rubucensa suka buga su wuri ɗaya.

A 1827 aka zaɓe shi ɗan majalisar masana kimiyya. A Nuwamban 1831 Sarki Luwi Filif ya naɗa shi ɗan majalisar manyan ƙasa. Bai yi wata shida a kujerar ba. A ƙarshen Maris na 1832 annobar kwalara ta shiga Paris, ta kashe mutum kimanin 18,000 a cikin 'yan watanni, har da shugaban gwamnati na lokacin, Kasimir Feriye. Kasini ya kamu, ya rasu ranar 16 ga Afrilu, saura 'yan makonni ya cika shekara 51. Bai bar ɗa ba. Mahaifinsa, tsohon da ya tsallake takobin juyin juya hali, shi ya ga mutuwar ɗansa, ya rayu har 1845 yana da shekara 97. Juzu'i na uku na maƙalun Hanri ya fito a 1834, bayan rasuwarsa.

A shekarar da ya rasu, wani matashin Bajamushe mai suna Lesin ya fitar da nasa tsarin, ya matse ƙabilun suka koma takwas. Tsari ne mai sauƙin haddacewa, kuma babban masanin nan na Janeba, De Kandol, ya ɗauke shi ya sa a littafinsa da kowa ke amfani da shi. Tsarin Kasini ya koma gefe har shekara arba'in. Sai a 1873 Joj Bentam na Ingila, bayan ya duba dubban samfura da kansa, ya fitar da ƙabilu 13, ya kuma tarar ya dawo kusa da inda Kasini ya tsaya. Bai ɓoye ba, ya yaba masa a rubuce. Amma game da jinsuna, Bentam mai son haɗawa ne. Da yawa daga ƙananan jinsunan Kasini an narkar da su cikin manya, sunayensu suka kwanta.

Dole mu faɗi wani abu a fili. Kasini bai yi aikinsa da tunanin cewa tsirrai sun fito daga kaka ɗaya ba. Ya rasu shekara 27 kafin Darwin ya buga littafinsa na 1859. Kama yake nema, yana ganin akwai tsari a halitta wanda mai haƙuri zai iya ganowa. Bayan Darwin ne masana suka soma fassara wannan kama da cewa alamar tsatso ɗaya ce. Sannan a 1950 wani Bajamushe masanin ƙwari, Wili Henig, ya kafa ƙa'ida mai tsauri, wadda ta bazu bayan an fassara littafinsa zuwa Ingilishi a 1966. Ƙa'idar ita ce, duk rukunin da za a ba suna, jinsi ne ko ƙabila, sai ya ƙunshi kaka ɗaya da dukkan zuriyarsa, ba a bar kowa a waje ba, ba a kuma shigo da bare ba. Kuma shaidar da ake karɓa ita ce sabuwar alamar da ta ɓulla a wannan kakan ta bi zuriyarsa. Tsohuwar alamar da kowa ke da ita ba ta nuna kusanci. Idan mutum biyu suna da yatsu biyar-biyar, wannan bai sa su 'yan gida ɗaya ba. Amma idan akwai wata wushirya da ta faro daga kakansu ta bi 'ya'ya da jikoki, to an sami abin kamawa.

Da aka soma awon dangin shuwaka da wannan ma'auni, musamman bayan an iya karanta ƙwayoyin gado na DNA, sai abubuwa suka fito. A 1987 masana biyu, Jansen da Fama, suka gano cewa wani yanki na DNA a cikin koren sashen ƙwayar ganye ya juya baibai a kusan dukkan dangin, in ban da wani ƙaramin rukuni na Kudancin Amurka. Wannan ya nuna cewa rukunin ne ya fara rabewa, kuma ya ƙarfafa ra'ayin cewa a can dangin ya samo asali. A 1994 Kore Birema na Suwidin ya fitar da littafi guda yana bin ƙabilu da jinsunan dangin da ƙa'idar Henig. Yawancin ƙabilun Kasini sun tsaya da ƙafarsu, ko da an gyara iyakokinsu. Latas da shuwaka sun fito kusa da juna kamar yadda ya zana. Akwai kuma inda ya kauce: ƙabilar Eupatorieae da ya ajiye a maƙwabtan shuwaka, DNA ta mai da ita cikin 'yan uwan furen rana.

Inda aka fi jin girgiza shi ne jinsuna. An daɗe ana zuba tsirrai ɗaruruwa a jinsin Aster, na Turai da Asiya da na Amurka duk tare. A 1994 Gai Nesom ya nuna cewa na Arewacin Amurka ba zuriya ɗaya ba ne da na Turai, sun fi kusa da wasu jinsunan Amurka masu suna daban, kuma binciken DNA ya mara masa baya. Aka kwashe su aka rarraba. Ƙa'idar raɗa suna kuwa ta ce idan akwai tsohon suna da aka taɓa bugawa daidai, shi za a ɗauko. Ɗaya daga sunayen da aka tono shi ne Eurybia, na Kasini.

Haka ta faru da shuwakarmu. Sunanta da muka haddace shi ne Vernonia amygdalina, wanda Bafaranshe Delil ya raɗa a shekarun 1820. Jinsin Vernonia kuwa tun 1791 aka kafa shi a kan wani tsiro na gabashin Amurka ta Arewa, aka sa masa sunan wani Bature mai tattara tsirrai, Wiliyam Banon. Sannu a hankali aka cika shi da nau'i kusan 1,000 daga Amurka da Afirka da Asiya, ciyayi da kurangu da manyan bishiyoyi. Me ya haɗa su? Galibi rashin wata alama ta musamman da za ta fitar da su. Ɗakin shirgi ke nan ya dawo da sabon suna. Harol Robinsan na cibiyar Simitsoniyan da ke Washington ya shafe shekaru yana duba garin furensu da gashinsu a madubi, kuma a 1999 ya raba na Afirka da Asiya daga na Amurka. Shuwaka da 'yan uwanta na kusa suka koma jinsin Gymnanthemum, sunan da Kasini ya raɗa tun 1817. Shi ya sa a wasu sababbin littattafai za ku ga Gymnanthemum amygdalinum. Ɗacinta dai bai ragu ba.

Wani zai ce wannan wasan suna ne kawai. A ganinmu ya wuce haka. Mai binciken magani da ya sami wani sinadari mai amfani a ganyen shuwaka, inda zai fara nema na gaba shi ne 'yan jinsinta. Idan jinsin tarkace ne na nau'i dubu da ba su haɗa kaka na kusa ba, zai ɓata shekaru a kan bare. Idan kuwa jinsin zuriya ɗaya ce ta gaskiya, sunan da kansa ya zama jagora. Haka ma mai neman dangin amfanin gona na daji don inganta iri. A ɗaya gefen kuma sauya suna yana da tsada: dole a gyara littattafai da takardun ma'ajiyar tsirrai, kuma mai neman tsofaffin bincike sai ya san suna biyu. Saboda haka har yanzu masana da yawa, musamman a nan Afirka, suna riƙe da Vernonia amygdalina, kuma shi ne za ku fi gani a littattafanmu na makaranta. Ga 'yan ajin ƙarshe, shawararmu ita ce a jarrabawa ku rubuta wanda malam ya koyar.